Ƙafata Aka Cire, Ba Kunnena Ba

Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya da dare ɗana babba ya ɗauki salulata yana bincike kamar yadda yaran yanzu suka saba, ba izini ba komai, sai ya ci karo da wata waƙa da ko suna babu a jikinta, lamba ce kawai 0047. Ya kunna ya saurara kaɗan yace Baba wannan wace irin waƙa ce duk hayaniya duk ihu ba a jin komai, bari in goge in sauke maka mai kyau. Wallahi ban san lokacin da na fizge wayar daga hannunsa ba. Yaro ya tsorata, ni kuma kunya ta kama ni dan ba laifinsa bane, ban taɓa ba shi labari ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta, ko ba yanzu ba wata rana zai karanta.

Ni mutumin Tasawa ne. A 2003 Inna ta haɗa ni da Yayana tace ya tafi da ni Agadas tunda lokol ta ƙi ni nima na ƙi ta. Yaya direban kamiyo ne, yana ɗauko albasa daga lambunan Abzin ya sauko da ita kudu, wani lokaci kuma ya kai kaya Arlit garin uraniyom. Ya so in zama karen motarsa amma tafiya ɗaya muka yi, tun daga Agadas har Arlit nake amai, kilomita sama da 200, da muka dawo yace Auta kai ba ɗan hanya bane. Sai ya kai ni wajen wani mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa, can na koyi riƙe ƙarfen liƙi da darma, daga rediyo na koma kaset, daga kaset da salula ta cika gari na koma salula, har na samu ɗan teburina da rumfa.

Jikin rumfata akwai wani maƙerin azurfa Ba'abzine, ya girme ni da shekara uku ko huɗu. Bazan faɗi sunansa ba, Maƙeri nake ce mai shi kuma yace min Bahaushe, haka muke har mutane suka ɗauka sunayenmu kenan. Yana ƙera kuros ɗin Agadas da zobba da 'yan kunne, in sanyi ya shigo jirage suka fara sauke Turawa daga Faransa a filin jirgin Mano Dayak, to kakarsa ta yanke saƙa, sai kaga ya canza rawani. Kullum tukunyar shayinsa na kan garwashin maƙera, kuma duk dahuwa sai ya aiko min da yaro, na fari mai ɗaci wanda in ka sha sai idonka ya buɗe, na biyu, na uku. Shekara huɗu ina shan shayin mutumin nan ban taɓa sayen ko sukarin dala biyar ba.

To waƙar. Yaya ne ya kawo min ita a kaset. Rediyon motarsa ya tauna zaren, ya zo hankali tashe kamar wanda akuyarsa ta faɗa rijiya, yace Auta ko me zaka yi kayi amma kaset ɗin nan kar ya mutu. Na kwance, na yanke inda ya cukurkuɗe, na liƙe da ɗan salatif, na naɗe da biro. Dole in saurara in ji ko ya kama, na saurara sau ɗaya, sau biyu, daga nan ban ƙara sanin adadi ba. Gita ce da tafi da muryar wani saurayi siririya, a kwance, kamar mai yi wa kansa magana. Na leƙa nace Maƙeri waye wannan? Ko ɗago kai bai yi ba yace Bombino ne, yaron Tidene, kai baka san Bombino ba kana zaune Agadas? Sunansa na yanka Umara Muktar, Bombino laƙabi ne da aka sa mai tun yana ƙaramin cikin makaɗa, wai yaro kenan da yaren Italiya. Shi ke kiɗan biki a gari amma ni ban taɓa ganinsa ba, Yaya baya barina fita dare, yace Inna amana ta ba shi.

Abin dariya, Yaya baya jin Tamajak, yaren Abzinawa, in banda gaisuwa da cinikin albasa, amma haka zai buɗe baki yana bin waƙar da nasa baitin da ya ƙirƙira, Maƙeri yayi ta dariya har ya riƙe ciki yace Yaya dan Allah ka daina ɓata mana yare. Yaya yace kai dai baka san hanya ba, in ka bar Agadas da asuba kana fuskantar dutse, ba abin da ke riƙe ido kamar gitar nan, tafi goro.

Da aka koma zamanin kart memuwar da Bluetooth, nine nake zuba wa mutane waƙoƙi, dala ashirin ashirin, kuma wannan waƙar ba wanda zai tashi daga teburina ban sa mai ita ba ko bai tambaya ba.

Sai 2007 ta zo. A watan Fabrairu aka kai hari Iferwan, aka fara jin sunan ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ, kafin kace kwabo tawaye ya dawo sabo. Cikin Agusta shugaba Tanja ya kafa dokar ta ɓaci a jihar Agadas gaba ɗaya. Turawa suka ɗauke ƙafa, otal otal suka zama kufai, masu Toyota da ke kai baƙi Tenere suka jingine motoci, Maƙeri zai wuni yana goge azurfar da ba mai saye. Hanya sai da rakiyar sojoji. Ita kuma gita ta zama abin tsoro dan tun tawayen 1990 an san da ita ake aika saƙo, aka hana ta, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsallaka Burkina Faso ya zauna Wagadugu. Mutanen da na karɓi kuɗinsu na zuba musu waƙa, su ne suka riƙa dawowa a ɓoye suna cewa goge min, kar a kama ni da ita a shinge. Na goge wa mutane da yawa. Tawa dai na bar ta a wani ƙaramin kart na cusa cikin gwangwanin darma.

Sannan ga nakiyoyi. Ba a daji kawai ba, har Maradi da Tawa da Yamai sai da suka tashi da mutane, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya binne. A 2008 motar Yaya ta taka guda. Karen motarsa, yaro ɗan shekara goma sha tara da nake gyara wa salula kyauta, ko shurawa bai yi ba. Yaya kuma aka kawo shi asibiti, aka yanke ƙafar dama ƙasan gwiwa. Bana son in tsaya kan wannan, har gobe in naji warin asibiti sai cikina ya juya.

Abin da nake son in faɗa shine abin da nayi bayan haka, dan shine ya fi damuna. Kowa a layinmu ya san ƙanen Maƙeri ya hau dutse tun farkon tawaye. Ranar da na dawo rumfa, Maƙeri ya taso ya miƙo min hannu zai min jaje, na bar hannunsa a iska, a gaban mutane nace ku ne ai, ku da gitarku, kun ji daɗi yanzu? Bai ce komai ba. Ya ja rawaninsa ya rufe har hanci ya koma bakin maƙera. Da la'asar sai ga yaro da kofin shayi kamar kullum, nace mayar. Washegari ya sake aikowa, nace mayar. Kwana bakwai yana aikowa ina mayarwa, ran na takwas bai aiko ba, kuma wallahi ranar sai naji haushi ya ƙara kama ni, kunga halin ɗan Adam. Na ciro kart ɗin daga gwangwani na ɗora mai ƙarfen liƙi har ya narke. Bayan wata biyu ya tattara kayansa ya bar layin tunda dama ba ciniki, ban tambayi ina ya koma ba.

Amma kart na ƙona, ban ƙona kaina ba. Sai ina cikin aiki in kama bakina yana bin kiɗan, in yi tsaki in yi a'uziyya.

A 2009 abubuwa suka zo a jere, farkon Satumba ruwan kwarin Telwa ya ɓalle cikin dare ya rushe gidaje ba iyaka har da ɗakin da muke haya, muka koma raɓe gidan wani ɗan garinmu. Gaddafi ya shiga tsakani aka yi sulhu, 'yan tawaye suka ajiye makamai, wajen ƙarshen shekara aka ɗage dokar. Yaya ya koyi tafiya da sanduna biyu, ya buɗe ɗan tebur yana sayar da man inji da igiyar ɗaure kaya a bakin tasha, yana ganin yaran da ya koya wa tuƙi suna wucewa suna danna mai oda.

Watan Janairu 2010 gari ya ɗauka Bombino ya dawo, kuma Sarkin Abzin Ibrahim Umaru ya yarda ayi wasa a gindin babban masallaci. Ni ko a jikina. Da daddare muna cin tuwo Yaya yace Auta gobe ka nemo babur zaka kai ni. Nace ina? Yace gindin masallaci mana. Na ajiye loma nace Yaya kai da bakinka? Mutanen da suka maida kai haka zaka je ka tafa musu? Ya kalle ni ya daɗe, sannan yace "kai ka ga wanda ya binne ta? Ni da na taka ban gan shi ba. Kuma ƙafata aka cire ba kunnena ba." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ba a musu da Yaya, washegari na ari babur wajen wani ɗan kabu-kabu na ba shi jaka guda.

Duk wanda ya san Agadas ya san wurin. Hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da itatuwa sun tsattsaga jikinta kamar ƙaya, masallacin tun 1515 yake tsaye, fadar Sarki na gefe. Ni tunda nazo garin sallah kawai ke kawo ni nan, ban taɓa zaton zan ga lasifika da ganguna a wurin ba. Nasan akwai masu cewa bai dace ba, kuma bana raina maganarsu, amma garin da ya shekara kusan uku mutane na shigewa ɗaka da wuri dan tsoro, in za'a ce musu ku fito an gama, a ganina ba inda zasu yarda da maganar kamar nan. Jama'a sun fi dubu. Sanyin hunturu na busawa, ƙura ta tashi, maza da rawuna farare da baƙaƙe masu ƙyalli, mata sun ci ado da azurfa, yara sun ɗare katanga. Na samu gefe na jingina Yaya da bango, na tsaya na harɗe hannu na ɗaure fuska dan kowa ya san ba da son raina nazo ba.

Da ya fito sai naji wani iri, dan a raina wani ƙaton mutum nake zana, ashe siriri ne mai kunya, ko kallon jama'a baya yi sosai. Suka yi waƙa ɗaya, biyu, ina nan a ƙame. Can sai ya ɗan tsaya ya murɗa kunnen gita, ya taɓa tsirkiya sau uku huɗu, tun kafin ganga ta shigo Yaya ya damƙi hannuna yace Auta ita ce.

Ita ce, amma ba wadda na sani ba. Ta kaset a kwance take, minti biyar ta ƙare. Wannan gitar lantarki ce, ya faro ta a hankali, jimla ɗaya yake maimaitawa kamar mai gurmi, mai gita ta biyu ya dafe ƙasa baya gusawa, mai ganga na binsu a baya a baya, jama'a suka ɗauki tafi. Yayi baiti da muryar nan tasa, 'yan amshi suka karɓa. Sai ya daina waƙa ya sunkuyar da kai ya bar yatsu suna magana. A nan ne abin ya kama ni ta inda ban shirya ba, ta wajen sana'ata. Sun ƙure ampli har sauti ya fara tsagewa yana kurma ihu, irin ƙarar nan da mutane ke biyana kuɗi in cire musu daga rediyo, da naji ta a teburina cewa zan yi lasifika ta yage ko wani abu ya ƙone. Shi kuma mutumin nan da gangan yake nemanta, ya danne tsirkiya ya ja ta sama har tayi kuka, ya sake ta, ya sake cafko ta. Shekara bakwai ina koyon kashe wannan ƙarar, ban san ana iya sa ta tayi magana ba. Daga baya naji ance tun yana yaro a gudun hijira shi da abokansa suke kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna kwaikwayo, shi yasa Turawa ke ce wa kiɗan rok, ni dai a daren ban san wani rok ba, naji dai gashin jikina ya miƙe.

Kuma ganga sai ƙara sauri take, kaɗan kaɗan yadda baka lura, kamar kamiyo ya gama hawa ya fara gangara. Mata suka saki guɗa, samari suka faɗa fili suna juyi riguna na tashi, shi kansa mai kunyar nan ya fara tsalle da gitarsa. Duk sanda kace yanzu zai sauke sai ya sake komawa kan jimlar farko ya ɗauko ta daga tushe. Yaya fa ya manta da kansa, ya buɗe murya yana baitinsa na ƙarya, ya ɗaga sanda ɗaya sama yana kaɗawa, sai ɗayar ta zame a ƙura ya tafi zai faɗi. Kafin in kai hannu wani ya riga ni, ya tallabe shi ta ɗaya gefen ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa. Rawani ya rufe fuskar amma idon na sani.

Yaya yace a'a Maƙeri, kana duniya? Yace ina nan Yaya, har yanzu dai kana ɓata mana yare. Suka yi dariya. Ni kuma ina riƙe da Yaya ta hagu shi ta dama, ba halin in saki ba halin in gudu, ban kalle shi ba shima bai kalle ni ba. Cikin ƙarar nan Yaya ya kai baki kunnensa yace ina ƙanenka, ya sauko? Maƙeri ya girgiza kai yace bai sauko ba Yaya, tun bara waccan da azumi aka kawo mana labari, ko gawa bamu gani ba.

Tun bara waccan da azumi. Sama da shekara kenan. Mutumin da na sha shayinsa shekara huɗu an yi mai rasuwa ban taka naje gaisuwa ba, ban ma sani ba, dan na toshe duk ƙofar da labarin zai shigo. Gita na can tana kuka, mutum dubu na tafi, ni kuma hawaye ya ɓalle min kamar yaro, naji daɗin ƙurar nan dan kowa na share ido. Nace Maƙeri Allah ya jiƙansa. Ban san ko yaji ba saboda ƙara, sai naga ya ɗan gyaɗa kai. Hannunsa ɗaya na riƙe da Yaya, ɗayan ya ɗaga wata tsohuwar Nokia sama yana ɗaukar sauti, haka muka tsaya mu uku da ƙafa biyar har waƙar ta sauka.

Da safe na sayi shayi da sukari ƙulli babba na tambayi gidansu, naje na durƙusa gaban mahaifiyarsu nayi ta'aziyyar da ta makara. Tsohuwa ta karɓa ba tare da ta tambaye ni ina nake duk tsawon lokacin ba, wannan ya fi min zafi da ta zage ni. Muka fito zaure Maƙeri ya hura garwashi. Na fara kame kame ina neman yadda zan ɗauko maganar ranar nan, ya miƙo min kofi yace Bahaushe sha, na fari ne, da ɗaci. Shikenan, bamu sake tada ta ba har yau.

Ina cikin sha nace wai dan Allah me waƙar nan take cewa ne? Dan ni duk shekarun nan a raina kiran yaƙi ne, shi yasa na ƙona ta. Ya kalle ni kamar yaga mahaukaci, ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi, yace waƙar soyayya ce fa, mutum ne ke roƙon masoyiyarsa, ba dutse ba bindiga. Nace to kunna Bluetooth.

Bayan wata ɗaya sojoji suka kifar da Tanja, 18 ga Fabrairu, duniya ta ci gaba da juyawa. Bombino ya fitar da faifai mai sunan Agadas a 2011, a 2013 ya fitar da wani da yaje Amurka yayi a Nashville, daga baya har sunansa ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, ɗan Nijar na farko. Na saurari na situdiyo, tsaf tsaf ba ƙura ba ihu, suna da daɗi ban ce ba, amma ni in na sa su sai inji kamar an wanke tukunyar shayi da omo. Na bar Agadas na dawo Maradi nayi aure, Maƙeri na can, muna waya duk sallah. Yaya Allah ya mai rasuwa shekara shida da suka wuce, ciwon suga, a gida Tasawa.

Salula nawa na canza tun 2010 ban iya ƙirgawa, amma duk wadda na saya 0047 ce farkon shiga. Gaskiyar ɗana ne, sautin ba kyau, iska na bugun makirfo, gitar can nesa kamar daga cikin rijiya. Amma in ka kai minti na shida da 'yan daƙiƙu akwai wata murya kusa kusa, ta fi ta kowa ƙarfi, tana rera abin da ba Hausa ba ba Tamajak ba, sannan kaji ƙarar sanda ta faɗi ƙasa. Jiya na kira yaron na sa mai abin kunne nace saurara nan, ya saurara yace Baba wane ne wannan mai ihun bai ma iya waƙar ba. Nace Baffanka ne.